Wadda Ta Riƙe Kafaɗar Roba

Rana ta riga ta faɗa bayan benen da ke kallon gidansu, hasken da ya rage a tsakar gida bai wuce wanda mutum zai zura zare a basilla da kyar ba. Mai kujeru yana zaune a kan benci, ya ɗora guntun soso a cinya yana fere shi da wuƙa. Sana'arsa ke nan shekara talatin da ɗoriya, gyaran kujeru da katifu a wani ɗan shago da ke bakin titi. Amma wannan soson ba na mai kawo aiki ba ne. Matashi yake yi wa 'yarsa, na bakwai a cikin wata biyar, kuma shidan da suka riga shi babu wanda ya tsinana komai. Matarsa tana kwashe shanya daga igiya, tana mita a kan ƙurar soson da ke manne wa wankinta.

Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ya gangaro a hankali, ya diro gaban bencin.

"Wane mara aikin yi ne wannan kuma?" in ji matar.

Mai kujeru ya buɗe ƙofar gida ya leƙa. Layin shiru, babu kowa sai wani kare da ke kwance ƙarƙashin mataccen babur. Bai gama mayar da sakata ba na biyu ya faɗo, sai na uku, sai na huɗu, dukansu a wuri ɗaya, saitin ɗakin 'yarsa. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. Da ɗuminsa, kamar yanzu aka ciro shi daga hammatar mutum. Yana nan tsaye da dutsen a hannu suka ji kukan, irin kukan nan da suka sani, wanda ba ya fita gaba ɗaya sai dai ya sarƙe a maƙogwaro.

Sun same ta a kan kujerar kishingiɗa da ke ɗakinta, ko takalmin aiki ba ta cire ba. Barci ne ya sace ta daga dawowarta, hannun dama ya lula bisa kai, kafaɗar ta goce. Inda ya kamata a ga tudu sai rami, hannun yana reto kamar ba nata ba. Uwar ta durƙusa, ta kama gwiwar hannun ta manna da kwiɓi, tana juya shi waje kaɗan-kaɗan, tana cewa, "Saki jikinki, saki jikinki, ga ni." Shi kuwa fitila kawai ya riƙe, ya kawar da kai. Da ƙashin ya koma, sai da ya ji ƙarar a cikin haƙoransa.

Roba suke ce mata, tun tana shekara uku. Yarinya ce da ke lanƙwasa babban yatsa har ya taɓa tsintsiyar hannu, ta ɗora ƙafa biyu a ƙeya ta zauna tana dariya. In baƙi sun zo, shi da bakinsa yake kiranta. "Roba, zo ki nuna wa kawunki abin nan." A yi ta tafi, wani ya ce ai wannan babu ƙashi a jikinta, shi kuma yana washe baki kamar shi ya ƙera ta. Yanzu shekararta ashirin da biyu, tana aiki a shagon buga takardu, kuma duk lokacin da ya tuna tafin nan sai ya ji kamar ya tona ƙasa ya shiga.

Likitan ƙashi bai ɓoye musu komai ba. Ya ce jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓinta sako-sako ne, da haka aka haife ta, babu allura ko ƙwayar da za ta matse su. Da rana naman kafaɗar ne ke riƙe ƙashin. Da barci ya yi nauyi sai naman ya saki, to in ta juya kan kafaɗar, ko hannun ya haura sama, shi ke nan. Ya ce ta kwana rigingine, a tokare ta da matasai ta kowane gefe, ta rungume ɗaya a ƙirji, ta dage da motsa jikin da ya koya mata, in abin ya ƙi a ɗaure hannun da dare. Mai kujeru ya tambaye shi yaushe za ta warke. Likitan ya ce, "Baba, ba warkewa ake yi ba, lallaɓawa ake yi." Tun daga ranar maganar nan ta tsaya masa a wuya, don shi a rayuwarsa bai taɓa ganin kujerar da ya ce wa mai ita a je a lallaɓa ba.

Matasai ya yi su kala-kala, dogo, gajere, mai rami a tsakiya, mai kama da ƙugiya. Kafin tsakar dare ta watsar da su. Sau uku a mako, wani lokaci sau huɗu, kukan ke tashe su. Ta kai Roba tana tsoron gadonta. Idanunta suka faɗa, tana gyangyaɗi a gaban na'urar aiki, in ta ɗauki kofi sai ta tallafe shi da hannu biyu. Shi ya sa ya kawo kujerar. Tsohuwa ce, katakonta baƙi mai nauyi, wasu ne suka kwaso ta daga wani gida da za a rushe, suka ajiye a bakin shagonsa ba su ƙara waiwayarta ba. Ya sake mata soso da yadi, ya ce mai kwana a kishingiɗe ai ba shi da wajen juyi. Kwananta uku a gidan aka fara jifa.

Daga wannan yammacin jifan bai tsaya ba. Ba kullum ba, amma duk daren da dutse ya sauka, kafin su gama laluben fitila kukan ya biyo baya. Maƙwabta suka ce su ba sa jin komai. Mai kujeru ya hau rufin da rana, ya tarar ko tabo babu a kwanon. Duwatsun kuwa suna nan, matar tana share su da safe tana tarawa a bayan randa. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara ambaton abin.

Da ya rasa yadda zai yi sai ya tuna maganar likita ta ɗaure hannun da dare. Ya zo da bel daga shago, irin mai faɗin nan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mazaunin kujera. A sana'arsu ba a ɗaure laushi a jikin laushi. Bel a jikin katako ake kafa shi, a ja shi har ya yi ƙara in an ɗana, sannan ya ɗauki nauyi. Don haka ya naɗe wuyan hannun Roba da auduga, ya zagaya bel, ya ɗaure shi tam a hannun kujerar.

"Baba, ya yi tsauri," in ji ta.

"Tsaurin ake nema, 'yata. Sako-sakon ne ya kawo mu nan."

Da safe suka tarar da bel ɗin a ƙasa, an kwance shi, an naɗe shi tsaf an ajiye kusa da takalminta. Roba ta rantse ba ita ba ce, da hannu ɗaya ma ta yaya. Ya sake ɗaurewa da ƙulli biyu. Aka sake kwancewa. Ya yi ƙulli uku, irin wanda shi kansa sai da tsinin almakashi yake warwarewa. Da safe ga bel a naɗe. A nan ne tsoronsa ya juye ya zama fushi. Ya ce ko wane ne wannan, ya ga alama ba ya son yarinyar ta samu lafiya. Daren na huɗu ya zo da guduma. Ya ja bel ɗin, ya buga masa ƙusa shida a jikin katakon, ya ce a zo a kwance ya gani.

Ba a kwance ba. Wajen ƙarfe biyu duwatsu suka fara sauka kamar ana juye tifa a kan rufin. Ya taso a gigice, ya yi tuntuɓe da bokiti, kafin ya kai ƙofarta ya ji ƙarar da ba irin ta kullum ba. Roba ta zame daga kujerar cikin barci, jikinta duka ya tafi hagu, hannun yana nan inda ƙusa ta ce ya tsaya. Ba ta yi kuka ba, bakinta kawai a buɗe yake. Sai da ya yanke bel ɗin da wuƙa. Uwar ta gwada sau uku ƙashin ya ƙi komawa, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. A asibiti aka mayar da shi da asuba, bayan an yi mata allurar barci. Mai kujeru yana tsaye a baranda da ƙurar soso a rigarsa, yana gaya wa kansa cewa aikin mai jifan ne.

Bayan wannan daren sai komai ya yi tsit.

Roba ta dawo gida ta hau kujerar da kanta, ta kwana. Ba dutse, ba kuka. Ta sake kwana. Mako ya zagayo, hannun yana kwance a ƙirjinta daga dare har safiya, ko yatsa ba ya motsi. Uwar ta yi ta hamdala. Mai kujeru ya yi barcin da ya manta akwai irinsa, har da munshari, ya tafi shago yana zolayar mai shayin kusa da shi. Shi ne farin cikin da ya fi kowanne gajarta a rayuwarsa.

Matar ce ta fara lura. Ta ce yarinyar ba ta rufe ido duka in tana barci. Ta ce da dare tana jin wata murya a ɗakin, ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa tana gunaguni ita kaɗai. Sannan Roba ta daina zuwa aiki. Mai shagon ya aiko cewa ta zauna gaban na'ura tana kallon maɓallan kamar ba ta taɓa ganinsu ba. Tafiyarta ta sauya, tana jan ƙafa, tana dafa bango. Ba ta dariya, ba ta tsokanar uwarta a kan yawan gishiri. Wata safiya ya gaishe ta, ya ce, "Roba, an tashi lafiya?" Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Kai mai kujeru, matsa, ka tare mini rana." Kwana goma sha tara ke nan ba ta ce masa Baba ba, yana lissafe.

Yayarsa ce ta zo ta fasa ƙwan. Gwaggon yara mace ce da ba ta iya tauna magana. Kallo ɗaya ta yi wa Roba ta fito tsakar gida tana salati.

"Ku biyun nan wane irin barci kuke yi da ido buɗe? Wannan da ke zaune a ɗakin ba 'yarku ba ce."

"Yaya, amma tana barci," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Kafaɗar ba ta ƙara gocewa ba."

"To sai ka zauna da kafaɗar, tunda ita ka haifa."

Ita ta nemo musu wani malami da zai yi wa yarinyar karatu. A gaskiya, ƙarƙashin tsoron, wani ɗan daɗi ya ɗarsu a zuciyar mai kujeru, har yana jin kunyarsa. In mutanen ɓoye ne, to akwai mai korarsu. In an kore su, watakila ciwon ma nasu ne tun farko, ya bi su ya tafi, likita ya ji kunya. A karo na farko abin ya zama irin wanda ake gyarawa.

Malamin ya zo ana gab da magariba. Siririn dattijo ne mai tabarau, malamin makaranta ne da ya ajiye aiki, ba shi da hayaniya. Gwaggo ta ce a kira maza biyu su danne ta, don ta ji irin waɗannan suna da ƙarfi. Uwar ta tare ƙofa ta ce duk wanda zai kama hannun 'yarta sai dai ya fara bi ta kanta. Malamin ya saurari bayanin ciwon har ƙarshe, ya ce babu mai taɓa ta. Ya zauna a tabarma, tsakaninsa da kujerar taku biyu, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka, ya mutu. Babu wanda ya tashi ya kunna fitila. Roba tana kishingiɗe, hannun dama a ƙirji, idanu rabi a buɗe. Can sai ɗakin ya ɗauki wari irin na tsohon ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba, kuma bakinta ya motsa.

"Ya isa, malam. Kunnena ba toshe yake ba."

Muryar tsohuwa ce, busasshiya, mai gajiya. Gwaggo ta ja baya har ta bugi ƙofa.

"Wace ce ke?" in ji malamin.

"Mai kujerar. Ina cikinta tun kakan wannan mutumin bai iya tafiya ba. Gidan da nake shiru ne, shekara da shekaru ko tari babu mai yi. Aka rushe, aka jefar da ni a titi, wannan ya kwaso ni ya kawo ni ɗakin kuka."

"Me ya sa kike cire mata kafaɗa?"

Ta yi wata gajeriyar dariya.

"Ni? Haka na same ta. Ni barci kawai nake so, yarinyar nan kuwa duk dare sai ta tsaga mini kai. Ina jin lokacin da naman ke saki. Sai in yi jifa, in ce ko iyayen za su taso su gyara mata kwanciya kafin ƙashin ya fita. Su kuwa sai laluben fitila da leƙen titi."

Mai kujeru ya matso kusa.

"Bel ɗin fa?" ya ce, ba tare da an ba shi izini ba.

Kan Roba ya juyo gare shi a hankali.

"Kai ne mai ƙusa. Sau uku ina kwancewa, har naɗe maka nake yi don ka gane ba faɗa ba ne. Mutum ba kujera ba ne, mai kujeru. Ka kafe hannu a katako, jiki ya tafi, ina kake so kafaɗa ta bi? Ƙarfe ba na iya taɓa shi. Daren nan duk dutsen unguwar nan na kwaso, ban iya tashinka da wuri ba."

Bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba. Matarsa ba ta dube shi ba, kuma rashin duban ya fi masa zafi.

"Daga nan na ce ba zan ƙara jin irin wannan ba," in ji muryar. "Na shiga na riƙe ta daga ciki. Ni ba na barci irin naku, ba na saki. Kwana goma sha tara, ko sau ɗaya ya goce?"

"Ina yarinyar?" in ji malamin.

"Tana ƙasa, tana barci. Ban taɓa ganin mai yunwar barci kamarta ba."

"In kin ci gaba da zama fa?"

"Kullum tana ƙara nitsewa. Ba ni ke tura ta ba, wuri ne ba ya ɗaukar biyu. Kafin watan nan ya mutu, ko na kira ta ba za ta ji ba." Sai muryar ta yi laushi, ta koma irin ta mai ciniki. "Amma ku duba. Ba na cin muku komai, ba na fasa kwano, ba na zagi. Ku bar ni, jikin nan ba zai ƙara jin zafi ba har ya tsufa. Za ku gan ta kullum a tsakar gida tana shan rana. In na fita kuwa, abin da na tarar shi zan bari, har da ƙarin da ƙusa ta yi."

Malamin ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce wa mai kujeru, "Zan iya matsa mata da karatu har ta fita dole, amma za ta fita da fizga, jikin nan kuwa ba zai ɗauki fizga ba. Kai ka shigo da ita da hannunka. In ka sallame ta da bakinka, za ta tafi salin-alin. Abin da ya dace ka sani, ni ma na sani. Amma bakinka ne."

Mai kujeru ya dubi 'yarsa. Fuskar ta cike, ramin idon ya tafi, rabon da ya ga kafaɗun nan biyu a daidai har ya manta. Ya tuna bakinta a buɗe babu sauti, da hannun da ya kafe da ƙusa shida.

"A tambaye ta," ya ce da kyar. "Jikinta ne. Ki tashe ta mu ji ta bakinta."

"In ta taso, na fita," in ji tsohuwar. "In na fita, malamin nan zai rufe ƙofa, kuma daidai ne ya rufe. Ba a tambayarta sai an riga an zaɓa mata."

Ya juya ga matarsa. Hawaye kawai take yi, ta sa gefen zani a baki. Babu wanda zai ɗauke masa. Ya yi shekara talatin mutane suna kawo masa abin da ya lalace yana mayar musu da shi garau, ga shi yau an ajiye masa biyu a gaba, kowanne a karye, an ce ya ɗauki ɗaya.

"Ina son 'yata," ya ce. "Ki yi haƙuri, Iya. Na gode da riƙon da kika yi. Ki tafi."

Tsohuwar ta saki dogon numfashi.

"To. Kujerar kada a ƙone ta, kada a farke ta. A kai ta inda babu mai kuka." Malamin ya ce an yarda, ita kuwa ta ci gaba. "Kai kuma mai taurin kai, in za ka ɗaure hannun, a jikinta za ka ɗaure, ya bi ta duk inda ta juya. Ba zai hana duka ba. Zai rage." Idanun suka koma kan uwar. "Ke, zo ki tallafi gwiwar. Zan saki."

Uwar ta rarrafo ta sa hannu biyu. Malamin ya ci gaba da karatu a hankali. Labulen taga ya motsa sau ɗaya alhali babu iska, warin tsohon ɗakin ya janye. Sai kafaɗar dama ta sauka a gaban idonsu, duk da hannuwan uwar, da ɗan ƙaramin sauti.

Roba ta buɗe ido duka. Ta ja numfashi ta ƙwalla ƙara.

"Baba! Wayyo Baba, hannuna!"

Muryarta ce, tata ta kanta. Ya yi kwana goma sha tara yana jiran kalmar nan, ga ta ta zo, kuma bai san ko godiya zai yi ko ihu ba. Ya rarrafa ya riƙe kanta a ƙirjinsa, uwar tana juya hannun tana cewa saki jikinki, su uku suna kuka.

A bakin ƙofa ya riƙe hannun malamin ya ƙi saki. Ya ce ko akwai wani karatu na kafaɗar. Malamin ya ce, "Abin da ke nawa na yi. Wanda ya rage ba na mutanen ɓoye ba ne. Ku koma wa likitanku, ku yi abin da ya ce, Allah ya sa muku haƙuri." Washegari mai kujeru ya ɗora kujerar a kura, ya kai ta wani tsohon sito da ba a amfani da shi a bayan shagonsa, ya lulluɓe ta da yadi mai kyau, ya jawo ƙofa.

Ya ɗinka wata ɗamara mai laushi da ke zagaya ƙirji ta riƙe damtse a jikin kwiɓi. Ta rage, kamar yadda aka ce. A mako na farko sau biyu kafaɗar ta goce maimakon huɗu. Suka raba dare shi da matarsa, ita daga farko zuwa ƙarfe ɗaya, shi daga nan zuwa asuba, mutum ya zauna a bakin gado yana gadin juyi. Da rana yana buga yatsansa da guduma saboda gyangyaɗi. Shekararsa hamsin da tara, matarsa tana fama da hawan jini, kuma ya san ba za su iya wannan zaman har abada ba.

Wani dare ya karɓi matarsa, ya tarar Roba ba ta yi barci ba. Tana rigingine a tsakiyar matasai, idonta a kan silin, tana yaƙi da barcin da take mutuwar so.

"Mama ta gaya mini komai," ta ce.

Ya zauna a bakin gadon.

"Ni ban san komai ba, Baba. Na dai san na kwanta, babu inda ke mini ciwo. Ban taɓa sanin haka mutane ke ji ba." Ta juyo da ido gare shi. "Da gaske ta ce za ta riƙe ni har in tsufa?"

"Ta ce."

"Ka ce ta tafi."

"Na ce." Ya sunkuyar da kai. "Na nemi a tambaye ki, aka ce ba hali. Roba, da an tambaye ki, me za ki ce?"

Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shige kunne, ba ta da hannun sharewa a wannan gefen, shi ya share mata.

"Kada ka tambaye ni da dare, Baba," ta ce. "Ka bari gari ya waye."

Ya zura tafinsa ƙarƙashin gwiwar hannunta ya tallafe. Agogon bango ya nuna ɗaya da kwata.